Mesar Teku: Kifin da Ke da Baki Biyu da Gubar da Wuta Ba Ta Kashewa

Makon jiya wani ɗan'uwa ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu. Wani abu ne kamar ƙaton maciji, ya leƙo da kai daga ramin dutse a ƙarƙashin ruwa, haƙora zaƙo-zaƙo, yana wangale baki yana rufewa. A ƙasa an rubuta wai a bakin tekun Legas aka ɗauka, wai kuma shi ne ke janye yara idan sun je wanka. Kafin la'asar zaure ya cika da addu'o'i. Wani ya ce aljanin ruwa ne, wani ya ce Mami Wata ce ta sauya kama. Wani dattijo ya ce daga yau ya soke wa 'ya'yansa yawon bakin ruwa ranar sallah.

Dattijon bai yi laifi ba, don tekun Legas yana da igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma ita ce ke janye mutane. Amma abin da ke cikin bidiyon nan bai taɓa zuwa Legas ba. Ku sake kallon ruwan kawai. Garai-garai yake, shuɗi, ana hango komai, ga duwatsu masu launi iri-iri kamar an shuka furanni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Apapa ko Badagry ya san ba haka namu yake ba.

Kifi ne. Turawa suna ce wa danginsa moray, kuma sun kai iri 200 a duniya. Wanda ya fi kowa jiki a cikinsu shi ne na bidiyon, masana suna kiransa Gymnothorax javanicus. Wani likitan soja ɗan ƙasar Holan mai suna Pieter Bleeker, wanda ya yi aiki a Indonesiya, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1859, kuma daga sunan tsibirin Jawa aka samo rabin sunan. Mu ba mu da suna a Hausa, tunda ba a ruwanmu yake ba. Ni dai a nan zan kira shi mesar teku, don kowa ya gane abin da ake magana a kai. Amma a riƙe, mesa ce a ido kawai.

Me ya sa aka ce kifi ce?

Maciji da huhu yake numfashi. Ko macijin teku na gaskiya, dole ya riƙa tasowa sama yana shaƙar iska. Ita mesar teku a cikin ruwa take numfashi kamar tarwaɗa da karfasa, ta wannan jan abin da ake cirewa a ƙarƙashin kunnen kifi idan ana gyara shi. Sai dai ita ba ta da murfin kunne mai buɗewa, ɗan rami ne kawai a kowane gefe na wuyanta, da baƙin tabo a kewaye. To kun ga wangale bakin nan da ya tsorata mutane? Numfashi take yi. Da baki take zuƙar ruwa ta tura shi ta wannan ramin. Idan ta rufe baki ta bar shi a rufe, ita ce za ta wahala.

Maciji yana da ɓawo a jiki, ita ba ta da ko ɗaya. Fata ce mai kauri, da yauƙi ya lulluɓe ta, don ta riƙa sulalewa tsakanin duwatsu masu kaifi ba tare da ta kurje ba. Wanda ya taɓa riƙe gaiwa ko tarwaɗa da hannu ya san irin santsin da nake nufi. Ba ta da fiffiken gefe irin na sauran kifaye, sai guda ɗaya dogo da ya taso daga bayan kai ya bi gadon baya har wutsiya ya zagayo ta ƙasa. Launinta ƙasa-ƙasa ne da ɗigon baƙi, kuma idan ta manyanta ɗigon da ke bayan kai sai ya koma kamar zanen damisa.

Girma kuwa, tana kaiwa mita 3, wato ta ɗara Keke Napep tsawo. Nauyi kilo 30, sama da rabin buhun siminti, kuma kusan duk tsoka ce. Akwai wata 'yar'uwarta siririya da ta fi ta tsawo, tana kusan mita 4, amma wajen kauri da nauyi babu kamarta a dangin.

Gidanta, da abin da ya hana ta zama a Legas

Tana zaune ne a tekun Indiya da na Fasifik, inda ruwa ke da ɗumi. Daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta gabas, su Mombasa da Zanzibar, a wuce Indonesiya da Filifin da arewacin Ostireliya, har tsibiran tsakiyar Fasifik. Ba ta son zurfi sosai, daga inda mutum zai iya tsayawa da ƙafa zuwa kamar mita 50. Kuma kusan kullum a cikin duwatsun murjani.

A nan sai na ɗan tsaya, don ni ma da na ɗauka murjani dutse ne ko tsiro. Ashe dabba ce. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushi, kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na farar ƙasa, ta mutu, wata ta ɗora nata a kai. A haka shekara dubbai sai ka ga an tayar da tsauni a ƙarƙashin ruwa, cike da ramuka da lunguna kamar tsohuwar unguwa. Mafi girma a duniya yana gefen Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Murjanin da muka sani na wuya, irin jan nan da iyayenmu mata ke ajiya, wanda kuma sarakunan Benin ke ado da shi, dangi ɗaya ne da wannan, amma iri daban ne. Shi daga Bahar Rum aka fi samo shi.

Waɗannan masu ginin suna da sharaɗi. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa musu abinci da hasken rana. Saboda haka dole ruwa ya zama garau, mai ɗumi, mai gishiri sosai, ba zurfi. Mu kuwa a nan yamma, kogin Kwara da Binuwai suna kwaso laka tun daga arewa su juye a teku, ga kogin Kwango can ƙasa, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya yi duhu, gishiri ya tsinke. Shi ya sa gaɓar Afirka ta yamma ba ta da manyan tsaunukan murjani. Akwai wasu ƙananan 'yan'uwan mesar teku a tekunmu, a wuraren da ke da duwatsu, amma ƙatuwar nan ba ta nan. Ba ta tekun Atlantika gaba ɗaya.

Inda ya kamata mu san da ita shi ne Bahar Maliya. Ruwan da ke tsakanin Sudan da Saudiyya yana cikin wuraren da suka fi ko'ina murjani, don babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, ta kan gidanta suka wuce. Har yau akwai Hausawa a Port Sudan da Jidda da suke sayen kifin da aka kamo daga waɗannan duwatsu. Larabawan wajen suna ce mata shaga.

Wani zai ce, kifin da ke kwance a rami, ya aka yi ya bazu daga Masar har tsakiyar Fasifik? Ta hanyar 'ya'ya. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ke fitowa ba ya kama da uwar ko kaɗan. Wani abu ne fale-fale kamar ganye, ana ganin ruwa ta cikinsa kamar leda. Haka zai yi watanni igiyar ruwa tana yawo da shi a tsakiyar teku, kafin ya sauka a kan wani dutse ya rikiɗe ya kama rami.

Baki a cikin baki

Da rana tana kwance a rami, kai kawai a waje. Da dare take fita. Idonta ba shi da ƙarfi, hanci ne jarinta. Idan kun duba bidiyon za ku ga wasu 'yan bututu biyu a saman bakinta kamar ƙaho, kafofin hanci ne. Da su take bin ƙamshin kifin da ya shige lungu yana barci. Abincinta kifi ne galibi, wani lokaci ƙaguwa da makamantanta.

Yawancin kifaye zuƙo abinci suke yi. Sai su buɗe baki farat ɗaya, kai ya kumbura, ruwa ya ruga ciki tare da abin da ake so a ci. Wannan dabara tana bukatar fili. Wadda ke farauta a cikin rami matsattse, da kai siriri, ba ta da inda za ta kumbura. To idan ta cafki kifi mai santsi yana ta fizge-fizge, da me za ta tura shi ciki? Ba hannu, ba ƙafa. Idan ta saki don ta gyara riƙo, ya tafi.

Amsar ta fito a 2007, daga wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, Rita Mehta da Peter Wainwright. Sun ɗauki hoton wata 'yar'uwarta tana cin abinci da kyamara mai saurin gaske, suka kuma yi mata hoton ƙashi. Ashe a cikin maƙogwaronta akwai wani muƙamuƙi na biyu, da nasa haƙoran masu lanƙwasa. Idan bakin waje ya cafke, sai na ciki ya taso daga maƙogwaro ya shigo har cikin baki, ya damƙi naman, ya ja shi baya. A lokacin ne na waje zai saki. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Kifaye da yawa suna da haƙora a maƙogwaro, har karfasarmu, amma nasu a zaune suke wuri ɗaya suna niƙa. Wanda ke tasowa ya zo ya ɗauki kaya da kansa, a wannan dangin aka fara ganinsa.

Haƙoran waje ma ba na tauna ba ne. Dogaye ne, sun karkata ciki, har da wasu a dasashin sama a tsakiyar baki. Duk abin da ya shiga, idan ya ja baya ƙara soke kansa yake yi. Idan kuma abin ya fi ƙarfin haɗiya, sai ta ƙulla jikinta kamar igiya tun daga wutsiya, ta turo ƙullin gaba har ya tokare naman, ta fizgo kai ta cikin ƙullin. A haka take yage tsoka.

Tana cizon mutum? Tana yi. Amma ba ta bin mutum, ba kuma ta jan kowa cikin ruwa don ta ci. Kusan duk wanda ta ciza, ko dai ya zura hannu a raminta yana neman wani abu, ko ya soke ta da mashi, ko yana ba ta abinci da hannu don a ɗauke shi hoto. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa a wuraren yawon buɗe ido. Akwai wani mai nutso a tsibiran Similan na ƙasar Tailan da ya saba ba wata ƙatuwa sosej. Rannan ta haɗa da babban yatsansa ta cire shi ɗungurungum. Sai da likitoci suka yanko yatsan ƙafarsa suka dasa masa a hannu. Ni ban ga laifinta ba. Wadda ba ta gani sosai, ka miƙa mata nama da hannun da ke ƙamshin nama, me kake jira?

Farauta da abokin da ba dangi ba

Wannan ne ya sa na zauna rubuta wannan bayani, don ya fi bidiyon ban mamaki.

Akwai wani kifi a Bahar Maliya mai jan jiki da shuɗin ɗigo, Larabawa suna ce masa najil. Wanda ya zauna a Jidda ya san shi, yana cikin kifaye mafi tsada a kasuwa. Najil da rana yake farauta, a fili, kuma yana da gudu. Ƙananan kifaye sun san maganinsa: da sun hango shi sai su faɗa ramin murjani, inda jikinsa ba zai shiga ba. Ita kuma mesar teku rami ne filinta. Maganinta shi ne a fito fili a tsere, don ba ta da gudun dogon zango. Kowannensu yana da ƙofar da abinci ke kuɓuce masa, kuma ƙofar kowa ita ce tarkon ɗayan.

Wani masani mai suna Redouan Bshary da abokan aikinsa sun daɗe suna bin waɗannan kifaye a Ras Muhammad, can ƙarshen Sina'i a Masar, suka fitar da sakamako a 2006. Abin da suka gani shi ne, idan yunwa ta kama najil, sai ya tafi har bakin ramin mesar teku da rana tsaka, lokacin da take hutawa. Sai ya tsaya dab da fuskarta ya riƙa kaɗa kai da sauri-sauri. Wani lokaci ta share shi. Wani lokaci kuma sai ta fito, su jera su tafi tare kamar waɗanda suka yi alkawari. Ita tana shiga ramuka, shi yana shawagi a sama. Kifin da ya zauna a ciki nata ne, wanda ya fito nasa ne. An ga tafiyar da ta wuce minti 40 suna tare. Da aka yi lissafi, najil yana kama abinci kusan ninki biyar idan yana tare da ita a kan idan shi kaɗai ne. Kuma najil ɗin da ya ƙoshi ba ya zuwa kiranta.

Ba a nan ya tsaya ba. Idan najil ya kori kifi ya shige masa wani rami, yakan tsaya a kan ramin, kai ƙasa wutsiya sama, yana girgiza kai. Nuni yake yi: ga shi nan ciki. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa ba ya yin haka sai idan akwai mai taimako a kusa, kuma yana dainawa idan an zo. Nuna wa wani abu da gangan, da can a wajen mutum da manyan birai da hankaka aka san shi. A 2014 kuma aka gwada wani ɗan'uwan najil a Ostireliya da mesar teku ta roba guda biyu, ɗaya idan an kira ta tana zuwa ta koro abinci, ɗaya kuma sai ta juya ta yi wani wajen. Cikin ɗan lokaci ya gane wadda ke aiki, ya koma kiranta.

Mu da muka tashi a cikin shanu mun san balbela. Tana bin garke tana cin farin da kofato ya tayar. Amma balbela ba ta taɓa zuwa ta tashi sa daga kwance ta ce taso mu je ba, saniya kuma ba ta ƙaruwa da komai. Nan kuwa ɗaya ne ke zuwa ya yi sallama, ɗaya ya amsa, kuma kowa yana samu. Abin da na lura da shi shi ne ba sa raba ganima. Wanda ya kama, haɗiyewa yake yi nan take. Masanan suna ganin wannan ne ma ya sa tafiyar ke ɗorewa, don babu abin da ya rage a ƙasa balle a yi rigima a kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda haɗin gwiwar saye da sayarwa ke watsewa ranar rabon riba a kara zai fahimci zancen.

Tana da wasu abokan hulɗar. Akwai wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, mai shuɗi da baƙin layi, da wasu jatan lande, da suke shiga har cikin bakinta suna tsince ƙwari da ragowar nama a tsakanin haƙora. Tana buɗe musu, ba ta haɗiye su. Aikin carki a bayan sa ke nan.

Inda haɗarin gaske yake

Cizonta ba shi ne abin tsoro ba. Namanta ne.

A kan gansakukar da ke fitowa a jikin murjani akwai wata ƙwayar halitta da sai da madubin likita ake ganinta. Tana haɗa wata guba. Ƙananan kifaye masu kiwon gansakuka suna cinye ta, matsakaita su cinye ƙanana, manya su cinye matsakaita. Gubar ba ta fita daga jiki da sauƙi, taruwa take yi. Kowane mataki sai ta ƙara kauri. Mesar teku kuwa tana can saman layi, tana daɗewa a duniya, kuma a unguwa ɗaya take cin abincinta shekara da shekaru. Ita abin ba ya kayar da ita. Wanda ya ci ta shi ke kwasa.

Sunan ciwon siguwatera, daga wata kalma ta mutanen Kyuba. An daɗe da saninsa. A 1774 ma'aikatan jirgin Kyaftin Cook sun kwanta bayan sun ci kifi a tsibiran da yanzu ake kira Banuwatu, kuma alamomin da suka rubuta sun yi daidai da shi. Amma sai a 1967 wani masani a Jami'ar Hawai, Paul Scheuer, ya ware gubar, kuma daga jikin wannan mesar teku ya cire ta. Bayan shekara goma wani Bajapane, Takeshi Yasumoto, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar da ke haɗa ta a tsibiran Gambiya na tekun Fasifik, ba Gambiya tamu ta Afirka ba. A 1989 aka gano ainihin ƙirar gubar. Don a yi wannan aiki sai da aka tara kusan tan 4 na mesar teku, aka kwashe kayan cikinsu aka tace, abin da aka samu bai kai miligiram ɗaya ba. Ku auna ƙarfin abin da ɗan wannan ya isa ya kwantar da mutane.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani: ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya launin nama. A mayanka, idan aka fede saniya, mahauci mai ido ko likitan dabbobi yana duba hanta ya ce wannan ba ta ciwuwa. A nan babu abin da za a gani. Kifin sabo ne fes, yanzu aka fito da shi. Kuma dafuwa ba ta kashe ta. A soya, a gasa, a banda, a shanya, a zuba gishiri, a daskarar a firiza, tana nan. Dabarun da masunta ke yi a wasu ƙasashe, irin su a ga ko ƙuda zai sauka a kai, ko a saka kuɗin azurfa a ga ko zai yi baƙi, an gwada su ba su da tabbas.

Alamomi suna farawa cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana guda. Amai, gudawa, murɗar ciki. Sai leɓe da harshe da yatsu su fara tsittsira kamar ana soka allura, jiki ya yi ƙaiƙayi, gaɓoɓi su mutu. Wasu suna jin kamar haƙoransu za su zube. Alamar da ta fi fita daban ita ce sanyi ya koma zafi: mutum ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wuta ko lantarki. Dalili shi ne gubar tana buɗe wasu 'yan ƙofofi a jikin jijiyoyi ta hana su rufewa, sai jijiya ta riƙa aika saƙon ƙarya. Idan abin ya yi tsanani bugun zuciya yana raguwa, jini ya sauka, numfashi ya yi wuya. Mutuwa ba ta da yawa, amma tana faruwa, kuma an fi samunta ga waɗanda suka ci hanta, kayan ciki, ƙwai ko kai, inda gubar ta fi taruwa. Babu allurar da ke karya ta. A asibiti ƙarin ruwa ake yi, a tallafi zuciya da numfashi, har jiki ya fitar da ita. Wasu kwanaki, wasu watanni, kuma yakan motsa idan mutum ya sake cin kifi ko gyaɗa. Ana ƙiyasin mutum 10,000 zuwa 50,000 ke kamuwa a shekara a duniya.

Na san wani zai tambaya, to ai halal ce ko? A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, wannan ba a ja. Amma rogo ma halal ne, kuma kowa a kudun nan ya san abin da mai ɗaci ke yi idan ba a jiƙa shi ba. Bambancin kawai, rogo yana da gyara, wannan ba shi da shi.

To mu ina ruwanmu?

Kifin da muke saye a kwali, titus da kote da shawa da panla, ba kifin murjani ba ne. A buɗaɗɗen teku ake kama su, galibi a ruwa mai sanyi, kuma ba a san su da wannan guba ba. Tarwaɗar kandami ma haka. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya hana matarsa sayen kifi.

Sai dai titus yana da nasa, tunda an zo wajen. Idan ya narke ya daɗe a zafi, kamar yadda ake yi idan an ɗauke wuta kwana biyu, wani sinadari yana taruwa a namansa wanda shi ma wuta ba ta kashewa. Mutum yana ci, cikin mintuna fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi borin jini. Wannan laifin ajiya ne, ba na teku ba. 'Yan'uwa masu sayar da kifi a tebur, a kula.

Waɗanda maganar mesar teku ta shafa kai tsaye su ne namu da ke fita: masu aiki a jiragen ruwa daga Apapa da Onne, mazauna Jidda da Port Sudan, ɗalibai a Malesiya da Indonesiya, 'yan kasuwar da ke zuwa Mombasa da Darussalam. Idan aka kawo maka ita a faranti, ko da sunan gwaninta ko magani, ka bar ta. Haka hanta da kayan cikin duk wani ƙaton kifin murjani. Gubar ba a ko'ina take da yawa ba, wani gefen tsibiri yana da ita wani ba shi da ita, shi ya sa za ka ji wani ya ce ai shi ya sha ci bai ga komai ba. Gaskiya ya faɗa. Bai dai faɗa kan wadda ta tara ba ne.

Kuma abin yana matsowa. Idan ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, murjani yana korar gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe ya mutu. An ga haka a faɗin duniya a 1998, aka sake gani a 2016, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta sanar da cewa an shiga zagaye na huɗu. Mataccen murjani kuwa gansakuka ce ke rufe shi, irin wadda ƙwayar gubar ke son zama a kai. Tsibiran Kanari, da ke tekun Atlantika daura da Maroko, da ba a san su da siguwatera ba. Tun 2004 ake samun masu kamuwa a can, daga kifin da aka kama a ruwansu.

Wanda duk ya ci babban kifin teku, bayan 'yan sa'o'i ya ji leɓensa na tsittsira ko ruwan sanyi yana ƙona masa hannu, kada ya tsaya shan jiƙo ko sayen maganin taifot a kemis. Ya tafi asibiti, ya faɗa wa likita irin kifin da ya ci da lokacin da ya ci, ya tafi da ragowar idan akwai, a kuma nemo duk waɗanda suka ci tare da shi a kwano ɗaya.